Shekarar da ke jikin kwalba: amsa kan gonar inabin gidan Perrin a kudancin Faransa

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tattalin arzikin noma ne, mahaifinmu kuma yana da gonar inabi a yankin Kudan ta jihar Kaduna. A wani darasi an kawo mana misalin wata gona a Faransa, Château de Beaucastel, wadda aka ce iyali ɗaya ke riƙe da ita fiye da shekara 100. Abubuwa sun ɗaure mini kai. An ce giyar da suke yi ta wata shekara ta fi ta wata tsada, alhali gona ɗaya ce, itatuwan ma su ne dai. Wannan ba dabarar 'yan kasuwa ba ce kuwa? Sannan me ake nufi da cewa gida yana da nasa salon? Kuma yaya aka yi gonar ba ta tarwatse wajen rabon gado ba? Ba giyar ce ta dame ni ba, gonar ce. Mu goma sha ɗaya ne a wurin mahaifinmu."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma jimlarka ta ƙarshe ce ta sa na zauna na yi doguwar amsa. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko shekarar da ake rubutawa a jikin kwalba gaskiya take faɗa, da abin da ya bambanta aikin wannan gida da na maƙwabtansa, da kuma sirrin da ya hana gonar zama gutsi-gutsi. A ganina duk amsa ɗaya ce ta rataye su: gidan ya gina komai nasa ne a kan sanin cewa mummunar shekara tana nan tafe.

Kafin mu shiga, ka san matsayina. Ni manomi ne ɗan boko, karatuna a kan ƙasa da ruwa da itace ne. Na yi shi a birnin Montpellier na kudancin Faransa, aikin bincikena kuma ya kai ni gonakin inabi na kwarin kogin Rhône, inda na shafe bazara biyu ina auna ƙishirwar itatuwa. Ba na shan giya, hukuncinta a addininmu kuwa sananne ne, ba sai na yi maka fatawa ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da ɗanɗano daga bakin masu sana'ar na ɗauko shi. Abin da ya shafi saiwa da ganye da 'ya'ya kuwa, hannuna ya taɓa.

Gonar da asalinta

Beaucastel tana kusa da garin Courthézon, cikin yankin da ake kira Châteauneuf-du-Pape, tsakanin biranen Orange da Avignon. Sunan yankin na nufin sabuwar fadar Paparoma, domin daga 1309 fafaromomi sun bar Roma sun yi zaman kusan shekara 70 a Avignon, ɗaya daga cikinsu kuma ya gina fada a kan tudun ƙauyen. Duk gonakin inabin yankin ba su wuce hekta 3,200 da ɗoriya ba, a cikin garuruwa biyar.

Labarin wannan iyali ya fara ne daga wata annoba. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka, yana cin saiwar inabi a ƙarƙashin ƙasa, sai dai manomi ya ga itacensa na bushewa bai san dalili ba. A tsallaken kogin Rhône, wajen ƙauyen Pujaut, aka fara ganin ɓarnarsa a 1863, wani masanin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, shi ya gano ƙwaron a 1868. Maganin da aka samu daga baya kai ma ka san shi: aure. Yadda ake aura wa mangwaron gargajiya reshen mai daɗi, haka suka riƙa ɗora reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har gobe kusan duk inabin Faransa aurarre ne. Gonaki da yawa ba su farfaɗo da wuri ba, Beaucastel na cikinsu. A 1909 wani mutum, Pierre Tramier, ya saye ta, daga shi ta koma hannun mijin 'yarsa, Pierre Perrin. Ka lura da wannan: ta hannun 'ya mace gonar ta bi, sunan da duniya ta sani a yau sunan suruki ne. Bayan Pierre sai ɗansa Jacques, wanda ya rasu a 1978, sai 'ya'yan Jacques biyu, Jean-Pierre da François, yanzu kuma 'ya'yansu ne ke kan aiki.

Ƙasar wurin abin kallo ce. Ranar da na fara shiga irin wannan gona na ɗauka direban ya yi ɓatan kai ya kai ni busasshen gulbi. Ba ka ganin ƙasa sam, sai duwatsu masu sulɓi, wani kamar ƙwan jimina, wani kamar curin fura, waɗanda tsohon kogi ya gangaro da su daga duwatsun Alps. Itatuwan gajeru ne, ba su kai ƙugu ba, kowanne tsaye shi kaɗai babu waya babu rumfa. Da tsakar rana a watan Yuli dutsen saman ba ya taɓuwa don zafi. Amma wani dattijon manomi ya ce in tona. Na ɗaga dutse uku ko huɗu, sai ga jar laka mai sanyi da danshi tana manne mini a yatsu, alhali an yi makonni ba a ga ɗigon ruwa ba. Duwatsun ne suke yi wa ƙasar murfi, kamar yadda muke barin karan dawa a gona don kada rana ta tsotse laima. Ga kuma iskar arewa da suke kira mistral, busasshiya mai ƙarfi, ƙanwar iskar hunturunmu. Tana karya rassa, shi ya sa ake barin itatuwan a durƙushe, amma idan aka yi ruwa ita ce ke busar da ganye kafin fumfuna ta kama.

Abin da ake kira salon gida

Dokar yankin, wadda aka tabbatar a 1936 bayan fafutukar wani manomi lauya, Baron Le Roy, ta yarda a shuka irin inabi 13. Ta kuma ce da hannu za a tsinka, dole a tsince a ware marar kyau, kuma kada hekta ɗaya ta ba da fiye da lita 3,500, wato kwalba 4,600 da wani abu. Idan ka mayar da shi nauyi, bai kai tan 5 na inabi ba. Mai noman inabin ci kamar mahaifinku yana neman ninkin haka sau da yawa, domin shi kilo yake sayarwa. Su kuwa da gangan suke rage wa itace kaya, don 'ya'yan da suka rage su yi kauri.

A cikin wannan doka kowane gida ke zaɓen hanyarsa. Mafi yawan manoman yankin sun dogara da iri ɗaya, Grenache, wanda ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da aka shuka. Yana jure fari, yana tara zaƙi sosai. Sai dai yana da rauni biyu: idan sanyi ko ruwa ya same shi yana fure sai ya kakkaɓe furen, ruwansa kuma ba ya jimirin iska, yana saurin tsufa. Jacques Perrin ya ɗauki wata hanya. Ya riƙe duk iri 13 a gonarsa, sannan ya ba wani iri mai suna Mourvèdre babban gurbi, har a yau yakan kai kashi 30 na jar giyar gidan, kafaɗa da kafaɗa da Grenache. Shi Mourvèdre asalinsa daga Sifaniya yake, mai nawar nuna ne, sai an kusa tashi daga kaka ake tsinkarsa. Ɓawonsa kauri gare shi, yana da bauri irin wanda kake ji a ɗanyen goro, kuma wannan baurin ne ke sa abin da aka matsa ya yi shekara 20 ko 30 a kwalba bai lalace ba. A zamanin Jacques mutane da dama suna ganin wurin ya yi wa wannan iri arewa da yawa, ba zai samu isasshen zafin da zai nuna ba. Ya dage.

To ka ga, wannan shi ne salon. Masu ɗanɗanawa suna cewa giyar Beaucastel ta fi ta maƙwabta duhu da bauri, ba ta sakin jiki sai ta kwana biyu a ajiye. Ni kuwa da idon manomi nake kallon abin, kuma abin da nake gani shi ne gonar kakanninmu: gero, dawa, wake da gyaɗa a fili ɗaya. Idan damina ta ɗauke da wuri gero ya fid da kai, idan ta yi tsawo dawa ta rama. Iri 13 ba sa fure rana ɗaya, ba sa nuna mako ɗaya. A 2013 da 2017 Grenache ya zubar da fure a yankin, amfani ya ragu ƙwarai. Wanda gonarsa duk Grenache ce ya ji jiki, mai Mourvèdre da Syrah da Counoise kuwa yana da abin cike giɓi. A shekarun zafi kuma, lokacin da Grenache ke tara zaƙi har ya wuce misali, iri masu ɗan tsami irin su Counoise ne ke sassauta shi.

A ɗakin aiki ma haka tsarin yake. Kowane iri ana tsinkarsa dabam, a tsima shi dabam. Tsimin nan ba wani sihiri ba ne, yis ne ke cinye zaƙin ruwan inabi ya mayar da shi barasa, kuma kowane giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi ɗaya cikin 100 na barasa. Sai bayan kowanne ya gama ne 'yan gidan za su zauna su tsara haɗin shekarar, a ƙara wannan a rage wancan. Daga nan a zuba a manyan gangunan katako tsofaffi, waɗanda mutum zai iya tsayawa a ciki, ya yi kamar shekara guda. Tsohuwar ganga babba ba ta sa wa abin da ke cikinta ƙamshin itace, iska kaɗan kawai take bari ta ratsa. Jacques ya kuma ƙirƙiro wata dabara tasa: a ɗumama 'ya'yan inabin zuwa digiri 80 na ɗan lokaci ƙanƙani, a sanyaya nan take, don a kashe abubuwan da ke sa ruwan ya yi saurin baƙi da iska, a kuma rage yawan farar wuta da ake zubawa don adanawa.

Akwai maganar taki da feshi. Gidan na cewa tun 1950 ya daina amfani da magungunan zamani, a daidai lokacin da kowa ke rububinsu, kuma tun 1974 yake bin wani tsari da ake kira biyodinami, mai lura da tafiyar wata da binne kashin shanu a cikin ƙaho. Zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: ban gamsu da batun wata da ƙaho ba. Amma na ga gonakin masu bin tsarin, ƙasarsu tana da rai, ka tona ka ga tana. Dalilin da nake gani shi ne wanda ya hana kansa maganin gaggawa dole ya zagaya gonarsa kullum, ya ga cuta tun tana ganye ɗaya. Kada kuma ka ɗauka ba sa feshi. Suna fesa farar wuta da haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa, shi kuwa jan ƙarfe taruwa yake a ƙasa ba ya ruɓewa, har Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7.

Shekarar da ke jikin kwalba

Yanzu ga tambayarka ta farko. Lambar da ke jikin kwalba shekarar da aka tsinki inabin ce, ba shekarar da aka zuba a kwalba ba, kuma dokar Turai ta ce aƙalla kashi 85 na abin da ke ciki ya zama na wannan shekarar. A can itacen inabi sau ɗaya yake haihuwa a shekara. Yana barci da hunturu, ya yi toho a ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ya yi fure a ƙarshen Mayu, a fara tsinka daga ƙarshen Agusta har cikin Oktoba. Duk abin da sama ta yi a waɗannan watanni yana rubuce a cikin 'ya'yan. Aikina a lokacin shi ne in fita kafin asuba da fitila, in yanko ganye, in sa a wata 'yar tukunyar ƙarfe in matsa masa iska har ruwa ya tsattsafo a bakin yankan. Yawan matsin da ya ɗauka shi ke nuna ƙishirwar itacen. Itace ɗaya, mako ɗaya na watan Agusta, amma alƙaluman bazarata ta farko da ta biyu ba su ko yi kama ba. 'Yar ƙishirwa kaɗan tana sa 'ya'ya su yi ƙanana masu kauri, abin da ake so ke nan. Idan ta yi yawa itacen ya rufe ƙofofin ganyensa, nuna ta tsaya cak, sai ka ga inabi ya yamushe kamar zabibi alhali ƙwayarsa ɗanya ce.

Ɗauki shekaru biyu a jere. A ranakun 8 da 9 ga Satumba 2002, ana tsakiyar kaka, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan sashe na Faransa. A wasu wurare na lardin Gard an auna sama da milimita 600 cikin kwana guda, ruwan da Maraɗi ba ta cika samu a damina sukutum ba. Mutane sun mutu, gonaki sun nutse, nonon inabi ya fashe ya ruɓe a jikin itace. Shekarar da ta biyo, 2003, sai zafi mai kisa ya mamaye Turai, aka tsinka da wuri, zaƙi ya yi yawa, tsami ya yi ƙaranci. Wa zai ce amfanin waɗannan shekaru biyu ɗaya ne? Masu sana'ar suna yabon 1989, 1990, 1998, 2001, 2007, 2010, 2016 da 2019 a wannan yanki. A 2018 kuwa damshin bazara ya kawo fumfuna ta cinye amfani mai yawa, musamman a gonakin da ba sa fesa maganin zamani.

Abin da gidan Perrin ya yi a 2002 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ba su fitar da babbar jar giyarsu mai sunan gonar ba a wannan shekarar. Ka tsaya ka auna: kuɗin ma'aikata na nan, haraji na nan, amma suka haƙura da cinikin da ya fi kowane tsoka don kada sunan ya hau kan abin da bai kai ba. A ɗaya gefen kuma suna da wata ta musamman, Hommage à Jacques Perrin, wadda 'ya'yan suka sa wa sunan mahaifinsu. An fara ta a 1989, mafi yawanta Mourvèdre ne daga tsofaffin itatuwa, kuma sai shekara ta yi kyau ake yin ta.

Shin babu hannun 'yan kasuwa? Akwai, ba zan yaudare ka ba. Bambancin shekaru gaskiya ne, ana auna shi da na'ura, amma tazarar farashi takan fi tazarar inganci. Masu sharhi kan ba da maki, attajirai su saya su ɓoye, farashi ya tashi sama. Shekara mai matsakaicin suna takan fito da abu mai kyau a hannun manomi mai kula, ta kuma yi araha. Sannan ɗumamar yanayi ta fara sauya lissafin: kaka a yankin ta matso gaba da mako biyu zuwa uku idan aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Mourvèdre ɗin nan da aka ce ba zai nuna ba, yanzu maƙwabta ma shuka shi suke.

Gado

Nan ne ciwonka yake, na sani. Kada ka ɗauka Faransawa sun tsira daga wannan matsala. Tun dokokin zamanin Napoleon uba ba ya iya hana ɗa kasonsa, harajin gado kuma yana iya kaiwa kashi 45 a kan babbar dukiya. Hekta ɗaya a Châteauneuf ta kai wajen rabin miliyan na Yuro, saboda haka magaji kan wayi gari da gona mai tsada da bashin haraji, aljihu kuwa babu komai. Gidaje da yawa a nan suke faɗuwa. Château d'Yquem, wata shahararriyar gonar inabi a yankin Bordeaux, wadda iyalin Lur-Saluces suka riƙe tun 1785, ta koma hannun kamfanin LVMH a 1999 bayan dangi masu kaso sun sayar da nasu, wanda ke kula da gonar ya je kotu bai iya hanawa ba.

Abin da ke taimakon waɗanda suka tsira shi ne raba kaso ba raba ƙasa ba. Wata doka ta 1970 ta ba dangi damar zuba filinsu a ƙungiya ɗaya, kowa ya riƙe takardar kasonsa, a ba mai noma haya, a raba kuɗin. Igiya ba ta shiga gona. Gidan Perrin kuma sun ƙara da wani abu: da iyali ya yawaita, sai suka faɗaɗa aikin maimakon su yayyanka gonar. Filin da ke tsallaken babbar hanyar mota, wanda ya faɗa wajen iyakar yankin, suna fitar da amfaninsa da wani suna, Coudoulet de Beaucastel, a farashi mai sauƙi. Suna da wata giya, La Vieille Ferme, mai araha da ake sayarwa da yawa a duniya. Sun sayi gonaki a garuruwan Gigondas da Vinsobres na kwarin Rhône. A 1989 suka haɗa hannu da iyalin Haas na Amurka suka kafa gonar Tablas Creek a Kalifoniya, da rassan da aka ɗebo daga Beaucastel, waɗanda suka yi shekara uku a killace kafin hukumomin Amurka su sake su. Kowane ɗa ya samu ɓangaren da yake riƙe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: cinikin mai arahar ne ya ba su ƙarfin da za su ce a'a ga mummunar shekara kamar 2002.

Mu ma muna da wannan tsari tun kaka da kakanni, gandu da gayauna, sai dai namu a baki yake, yakan bi mai gida kabari. Inabi kuwa ba gero ba ne. Rijiyar burtsatse ɗaya ce, famfo ɗaya, rumfar waya a haɗe take, itacen kuma sai ya yi shekaru ana zuba masa kuɗi kafin ya fara biya. In aka ja igiya aka raba shi gida goma sha ɗaya, wanda kasonsa ya faɗa nesa da ruwa ya tashi a tutar babu. Ni ba malamin fara'ila ba ne, kason kowa Allah ya riga ya yanke shi, mata da maza. Amma ku tambayi malamanku game da magada su san kasonsu sannan su yarda su bar shi a haɗe bisa tarayya, da rubutu da shaidu, da sharaɗin yadda mai son fita zai sayar wa 'yan'uwansa. Maganar nan tun mahaifinku na da ƙarfinsa ya kamata a buɗe ta, da ladabi, ta bakin babban wanku ko wani baffa da yake jin nauyinsa.

Ta fannin noma, kada ka kwafi Beaucastel kai tsaye. Inabinku ba ya barcin hunturu, askin rassa da ban-ruwa ne ke tsara masa lokaci, kuma zaƙi da girman 'ya'ya kasuwarku ke nema, ba bauri ba. Abin da zai yi muku amfani shi ne kada gonar ta tsaya a kan iri ɗaya, kuma ku ware na ɗaya da na biyu, kada ku cusa marar kyau a ƙasan kwali ku rufe da mai kyau. Wanda bai kai ba a sayar da shi da sunansa, ko a shanya shi zabibi. Batun kare sunan yanki ma ba na Turawa kaɗai ba ne, albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu irin wannan rajista, babu abin da zai hana manoman Kudan su nema wa inabinsu idan suka haɗa kai a kan ƙa'ida.

Kai kuma da kake ɗalibi, ga aikin da za ka fara bana. Sayi littafi mai kauri da ma'aunin ruwan sama, idan da hali ka ƙara da 'yar na'urar auna zaƙi, wadda ake ɗiga mata ruwan inabi a leƙa ta wajen hasken rana. Rubuta ranar aski, ranar toho, ranar fure, ranar da ka fara ganin fumfuna, abin da aka fesa, ranar tsinka, kilo nawa kowane layi ya bayar da nawa aka sayar. Dattijon da ya sa ni ɗaga duwatsu yana da irin wannan littafi na mahaifinsa, bangonsa ya yi baƙi don hannu. Ya buɗe mini shafin watan Fabrairun 1956, lokacin da sanyi ya kashe itatuwan zaitun na kudancin Faransa, ya nuna mini layukan gonar da suka tsira, sannan ya ja ni waje muka taka har gindinsu.